Na kai tambayar ƙanena ajin Baba Fasto na Agege

Tun ranar da na ɗora hoton takardar shaidata ta gama ajin Baba Fasto a rukuninmu na WhatsApp, matan zumunta ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce nawa ne, waccan ta ce a ina ake yi, wata kuma ta ce ko irin azuzuwan nan ne da za a karɓi kuɗinki a maimaita miki abin da kika sani tun makarantar Lahadi. Ina kan keken ɗinki ba na iya bin kowa da amsa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta.

Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ne da Hausa zalla, na mako takwas, kowace Alhamis daga ƙarfe 6 zuwa 8 na dare. A ɗakin makarantar Lahadi na wata majami'a ake yi, tafiyar minti goma a ƙasa daga gadar Pen Cinema. Na biya ₦8,000, har da kuɗin takardun da ake rabawa. Malamin tsohon fasto ne daga Filato da ya yi ritaya ya dawo wurin ɗansa a nan Legas, kowa Baba yake ce masa. Batutuwa uku ya sa a zangon da na yi: zaɓen Allah, makomar mai bin da ya ƙi biyayya, da ma'anar kalmar nan madawwami. Mu 23 muka fara, 14 muka gama.

Idan amsa a gajarce kuke so, e, kuɗina bai tafi a banza ba, kuma zan sake biya. Amma akwai inda ajin ya gaza, zan faɗa.

Ba son ilimi ne ya kai ni ba. Ni 'yar ƙasar Malumfashi ce, aure ya kawo ni Legas a 2011. Ina da ƙane wanda ni na goye shi. Yana da shekara 16 aka yi masa baftisma a gida, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, har tsofaffi na cewa fasto zai zama. A 2017 ya biyo ni ya kama achaba. Birni ya ja shi. Ya fara sha, daga baya ya yi wa wata yarinya ciki. Dattawan ikilisiya suka sa shi a horo, aka dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, kuma ban ga laifinsu ba a kan wannan. Kunya ce ta sa ya ɗauke ƙafa daga sujada gaba ɗaya. A watan Maris na 2022 tirela ta take shi a hanyar Abule Egba. Ya rasu yana cikin horo.

A zaman makoki na ji magana iri uku, kowacce ta zauna mini a ƙirji. Wata uwa ta ce a hankali, tana zaton ban ji ba, ai da ma zaɓaɓɓe ne da bai faɗi haka ba. Wani ɗan'uwa ya ce in kwantar da hankalina, wanda ya taɓa karɓar Yesu shi ke nan, ko me ya aikata. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, waɗanda suka yi kwana uku suna aiko mana da abinci, Allah ya saka musu, suka ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, sai haƙuri. Na yi shekaru ina juya maganganun nan uku a raina. Da na ji sanarwar ajin, na ga batutuwansa su ne daidai ciwona, ban ko yi shawara da maigidana ba na rubuta sunana.

Daren farko Baba bai buɗe Littafi ba sai da ya rubuta kalmar ƙaddara a allo, ya ce kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin ta. Duk amsoshinmu iri ɗaya ne: gobara, haɗari, mutuwa, asarar kaya. Sai ya sa aka karanta Romawa 8:29 da 30, inda Bulus ya yi amfani da ita, ya tambaye mu, an ƙaddara su ga me? Muka duba, ga ɗaukar kamannin Ɗansa. Muka koma Afisawa 1:4, an zaɓe mu cikin Almasihu tun ba a kafa duniya ba, domin mu zama tsarkaka. Ya ce a bakinmu ƙaddara kalmar ta'aziyya ce bayan abu ya lalace, amma a bakin Bulus kalma ce ta inda Allah yake nufin kai mutum, kuma ya rubuta ta ne ga mutanen da ke shan wuya, shi ya sa surar ta ƙare da cewa ba abin da zai raba su da ƙaunar Allah. Na karanta wannan sura ban san adadi ba, ban taɓa tsayawa na tambayi wannan ba. Hanyarsa ke nan har ƙarshe. Ba ya barin ka tsinko aya ɗaya ka gudu da ita, sai ka karanta na gabanta da na bayanta da bakinka.

Daren Romawa 9 kuwa sai da ɗakin ya ɗau zafi. Akwai wani ɗan'uwa mutumin Takum, maigadi ne a Ikeja, ya tsaya kai da fata cewa maganar Yakubu da Isuwa ta gama komai, Allah ya zaɓa tun ba a haife su ba, tukunya ba ta tuhumar maginin ta. Wani dattijo mai sayar da doya a Mile 12 ya ce to me ya sa muke fita bishara, me ya sa ake kiran mutane su tuba? Baba ya raba allon biyu. A gefe ɗaya ya sa Yahaya 6:44, Ayyukan Manzanni 13:48 da Romawa 9, ayoyin da ke nuna Allah ne ke zaɓa, shi ke jawo mutum. A ɗayan ya sa 1 Timoti 2:4, inda aka ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, da 2 Bitrus 3:9, da kukan da Yesu ya yi wa Urushalima a Matiyu 23:37. Ya ce duk wanda ya goge gefe ɗaya don ɗayan ya zauna masa daidai, ba Littafin yake bi ba, ra'ayinsa yake bi.

Daga nan ya ba mu tarihi, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, don ban san gardamar ta tsufa haka ba. Ya fara da Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ɗan Afirka ne, ya rasu a 430, wanda ya yi jayayya da Pelagiyus a kan ko mutum na iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa. Ya zo kan Kalbin na Janiba da ya rasu a 1564, mai cewa Allah ne kaɗai ke zaɓar wanda zai ceta, sannan Arminiyus na ƙasar Holan da ya rasu a 1609, mai cewa mutum na iya karɓar kiran Allah ko ya ƙi. Almajiran Arminiyus suka rubuta batutuwa biyar a 1610, aka yi babban taro a Dort daga 1618 zuwa 1619 aka ƙi su. Wesli na Ingila, uban Metodis, ya bi ɓangaren Arminiyus. Sai ya dubi ɗan'uwan nan na Takum ya ce mishan da suka yi aiki a ƙasarku daga ikilisiyar da ke bin Kalbin suka fito, abin da kakanninka suka sha ke nan. Su kuwa 'yan mishan uku na farko na SIM, wato Sudan Interior Mission, da suka sauka a nan Legas a Disamba 1893, ƙungiyarsu ta tara ma'aikata daga ɗarikoki daban-daban. Nan muka gane ashe gardamar da muke yi a benci ta zo mana ne ta jirgin ruwa, kowa da tashar da aka sauke masa. Baba bai ɓoye nasa ra'ayin ba, ya ce ya fi karkata ga cewa Allah ne ke fara kira kuma shi ke riƙewa. Amma ya faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yadda masu ita za su yarda haka take, kuma wannan ba kowane malami ke yi ba.

Wani abu da ya ambata a wucewa shi ya buɗe ƙofar batu na biyu na ajin. Ya ce a batu na biyar na takardar 1610, su kansu almajiran Arminiyus ba su yanke hukunci ba a kan ko mai bi na gaskiya zai iya fāɗuwa ya hallaka, sun ce sai an ƙara bincike cikin Nassi. Na rubuta wannan na ja masa layi.

Makonni uku na tsakiya su ne zuciyar ajin, kuma su kaɗai sun isa kuɗin. Baba ya ce kalmar ja da baya da muke yi wa kowa lakabi da ita ta haɗa mutanen da Littafi ya bambanta. Akwai waɗanda 1 Yahaya 2:19 ta ce sun fita daga cikinmu domin da ma ba namu ba ne. Akwai gargaɗi mai ban tsoro na Ibraniyawa 6:4 zuwa 6 da 10:26, bai sassauta shi ba ko kaɗan, ya ce masu bin Kalbin suna karanta shi a kan waɗanda suka ɗanɗana ba su haɗiye ba, masu bin Wesli kuwa suna karanta shi a kan masu bi na ainihi. Sannan akwai kashi na uku da ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba: mutumin 1 Korantiyawa 3:15 wanda aikinsa ya ƙone ƙurmus amma shi ya tsira kamar ta tsakiyar wuta, da na sura 11 aya 30 waɗanda rashin lafiya da mutuwa suka same su saboda wasa da teburin Ubangiji, Bulus kuwa ya ce horo ne domin kada a hukunta su tare da duniya.

Da muka zo 1 Korantiyawa 5 hannuna ya fara rawa. Mutum ne da ya yi abin kunyar da ya fi na ƙanena, Bulus ya ce a fitar da shi. Baba ya ce a karanta aya 5 har ƙarshenta. Dalilin fitarwar shi ne domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. Ya kai mu 2 Korantiyawa 2:6 zuwa 8, inda Bulus ya ce hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Sai Ibraniyawa 12, wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Ya ce ku Hausawa kun san wa ake yi wa horo, ɗan gida ake yi wa, ba a horon ɗan maƙwabci. Akwai dattawan ikilisiya biyu a ajin, ya juya gare su ya ce idan kun sa yaro a horo kuka yi wata shida ba wanda ya taka ƙofar ɗakinsa, wannan ba horo ba ne, kora ce. Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa ba dattawa na tuna ba, kaina na tuna, don a watanninsa na ƙarshe ni ma fushi nake yi da shi, ko ya kira ba kullum nake ɗauka ba.

Da aka tashi na tsaya har kowa ya fita. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin duka, na ce Baba, ka faɗa mini, yana ina? Ya yi shiru ya daɗe. Ya ce, "'Yata, ba a ba ni wannan littafin in duba ba. Wanda ya ce miki ya hallaka ya faɗi abin da bai gani ba. Wanda ya ce miki lalle ya shiga, shi ma haka." Na ce a cikin akwatin babur ɗinsa an sami littafin waƙoƙinsa na coci, duk ya yage. Ya ce kada in gina gida a kan wannan, kada kuma in jefar da shi. Abin da zai iya tabbatar mini, in ji shi, shi ne rajistar horo ta ikilisiya ba ita ce littafin rai ba, kuma Bitrus ma da bakinsa ya yi musun Ubangiji sau uku. Ya buɗe mini 2 Timoti 2:19, Ubangiji ya san nasa, ya ce in karanta rabin ayar na biyu ma, wanda ya ce duk mai kiran sunan Ubangiji ya rabu da mugunta. Ya ce rabin farko na ƙanenki ne, na biyun naki ne da nawa, mu da muke da sauran numfashi.

Na fita da fushi. Na ce a raina na biya kuɗi na bar ɗinkin mutane, an sallame ni hannu wofi. Alhamis ta gaba ban je ba. A cikin makon ne na lura na daina jin muryar uwar nan ta wurin makoki idan na kwanta. Maganarta ta rasa ƙarfi, domin yanzu na san ba ta da hurumin faɗinta. Da Baba ya ba ni amsa mai daɗi, da na karɓa a daren, da safe kuma in fara shakkarta kamar yadda na yi shakkar ta ɗan'uwan nan na wurin makoki. Na koma a mako na bakwai, ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau Baba, bai ƙara komai ba.

Yanzu ga inda ajin ya gaza. Batu na uku, ma'anar madawwami, an yi masa gaggawa. Gardamar Romawa 9 ta cinye dare guda da ba nata ba, sai aka cusa wannan babban batu a dare ɗaya da rabi. Abin da aka samu aka koyar yana da kyau. Ya nuna mana kalmar Ibrananci olam, wadda ake fassarawa har abada, ba kullum take nufin abin da ba shi da iyaka ba. A Fitowa 21:6 bawan da aka huda wa kunne zai bauta wa maigidansa har abada, ma'ana muddin ransa. Yunusa ma ya yi amfani da ita a addu'arsa a sura 2 aya 6, alhali kwana uku ya yi a cikin kifi. Amma ita ce kuma ake faɗa wa Allah kansa, kuma ita ce a Daniyel 12:2. Abin da kalmar ta jingina da shi ne ke nuna tsawonta. A Helenanci kalmar ita ce ayoniyos, kuma a Matiyu 25:46 ita ɗaya ce aka sa wa azaba aka sa wa rai a jimla guda. Ya ce tun Agustin ake kafa hujja da wannan, cewa ba za ka gajarta ɗaya ka bar ɗayan da tsawonsa ba. Ya ambaci Orijin na Iskandariya wanda ya yi begen a ƙarshe za a maido da kowa, da yadda ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa a ƙarni na 6, ya kuma ambaci masu cewa mugaye za su hallaka ne su ƙare ɗungum. Duk wannan a gurguje.

Akwai wani saurayi ɗalibi da ya zo da tambayoyi rubuce a waya, ya ji masu wa'azi a YouTube suna cewa wutar tana da ƙarshe. Da gaske yake tambaya, ba neman fitina ba. Baba ya ce lokaci ya ƙure, su haɗu daga baya. Ban ji daɗin haka ba. Mutumin da ya ba maigadi da mai doya dare guda, bai kamata ya sallami yaron nan da jimla biyu ba, don irinsa ne ke komawa intanet su sami amsa a wurin wanda ba ya tsoron Allah. A daren kuma janareta ya mutu, muka ƙarasa da fitilar waya, takardar da aka raba ta fito dishi-dishi, inda aka so buga haruffan Helenanci sai 'yan akwatuna suka fito. Batun nan yana buƙatar mako uku nasa na kansa, ko da za a ƙara kuɗi.

Duk da haka na tafi da abu ɗaya daga wannan batu. Yahaya 17:3 ta ce rai madawwami shi ne sanin Allah makaɗaici na gaskiya da Yesu Almasihu da ya aiko, Yahaya 5:24 kuma ta ce mai gaskatawa yana da shi, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. Ni dai tun ina yarinya na ɗauka abu ne da ke farawa bayan an rufe mutum da ƙasa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma gara ku sani. Bencinan na yara ne, mai ciwon baya ta zo da matashi. Ba a taɓa tashi ƙarfe 8 daidai ba, sai takwas da rabi ko fiye, kuma masu komawa Mile 12 ko Idi-Araba suna shan wuyar mota a wannan lokaci, ina jin shi ya sa da yawa suka daina zuwa. A makonni biyu na farko maza kaɗai ke magana, sai da wata mama ta yi ƙorafi sannan Baba ya fara cewa bari mu ji daga iyayenmu mata, kuma daga nan ya riƙe hakan. Hausarsa mai zurfi ce, wanda Hausarsa ta kasuwa ce zai sha wahala da kalmomi irin su baratarwa da tsarkakewa, ko da yake in ka ɗaga hannu yana warwarewa. Ku zo da Littafinku, ba a bayarwa. Yana so a sami fassara daban-daban a ɗakin, shi kansa tsohuwar fassarar 1932 yake riƙewa, mu kuma muna karantawa daga sababbi, sau da yawa bambancin kalma ɗaya ne ke buɗe tattaunawar.

Wadda take neman a ba ta amsa ta haddace ta je ta kayar da wani a gardama, kada ta ɓata kuɗinta. Dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta kuwa, musamman masu zama a kan maganar horo, da ina da iko da na ce dole kowannensu ya zauna makonni ukun nan na tsakiya.

Baba ya ce zai sake buɗe zangon bayan Ista, kuma na roƙe shi a gaban kowa ya ƙara wa batu na uku lokaci, ya ce ya ji. Na riga na ba da sunaye biyu, nawa da na yarinyar nan, uwar ɗan ƙanena. Ita ma tun lokacin ba ta sake shiga majami'a ba, kuma sai bayan mako na bakwai na iya taka ƙafa na je ɗakinta a Dopemu. Ta ce za ta zo idan an sami mai riƙe mata yaron. Babbar 'yata ta ce za ta riƙe shi duk Alhamis.